Ƙasar da Ta Je Jami'a

Farar ƙasar da Inna Tabawa ke kasawa a Kejetiya,
ƙulli uku sidi biyu, ta masu ciki,
ita na kai ɗakin gwaji a leda.

Na daka, na tankaɗe,
na gasa ta har ta manta kamanninta.
Na jiƙa ta da soda mai cin fata,
na rufe a tukunyar ƙarfe, na ce ta kwana.

Biyun dare aka ɗauke wuta.
Tukunya ta huce, gwaji na tara ya bi ruwa.

Na goma ne ya kama.
Gari fari, kamar ba a yi komai ba,
amma a ƙarƙashin madubi
ga ɗakuna, ga lunguna
sun fi na Aboabo yawa,
kowace ƙofa ta san ƙwayar da za ta bari ta wuce.
Ziyolait, in ji Dokta Amankwa, yana goge tabarau.

Na kai wa Inna a kwalba.
Ta dangwala, za ta kai baki, na riƙe hannunta.
"Ba a ci?"
"Ba a ci. Ruwa yake tacewa."
Ta jijjiga kwalbar a kunne.
"To, ƙasar da ta je jami'a,
nawa ƙullinta?"