Masu Ninki a Cikin Wuta

Ranar da narkakkiyar dalma ta zubo wa Baba Modi a dantse,
tsakiyar Afrilu ce.
Sakkwato na tafasa kamar ruwan sanwa,
kwalta ta yi laushi a bakin Kasuwar Kara.
Bai ce wayyo ba.
Ya ce da yaronsa Ige ya fasa ƙasar zubi,
kada tukunyar mutane ta lalace,
sannan ya dubi hannun.

Ni ce 'yarsa Haulatu,
mai farar riga a ɗakin gwaji na asibitin koyarwa,
mai leƙen gilashi har wuya ya sage.
Da yamma nakan kwance bandeji,
in ga bakin gyambon ya yi ja,
ya kumbura, yana huci kamar bakin maƙera.

"Mi kika gani, ɗiyata?
Wanga zafi na hannu, shina cina ne ko shina gyara?"

Duka biyu, Baba.
A cikin kowace ƙwayar halitta taka
akwai furotin masu lanƙwasa da murɗiya,
kowane da irin ninkinsa,
in ninki ya warware aiki ya tsaya.
Wuta ta warware su,
sun cukurkuɗe kamar zare a hannun yaro.
To akwai wasu da zafi ke tayarwa daga barci,
furotin na firgitar zafi muke ce musu.
Su ne ke bin 'yan'uwansu ɗaya ɗaya,
su riƙe wanda ya karkace, su mayar masa da ninkinsa,
wanda ya wuce gyara su raka shi juji.

Ya yi dariya. "Ashe 'yan gwangwan ne.
Mai gyaruwa a buge shi ya miƙe,
marar gyaruwa a kai shi wuta."

Haka ne, sai dai suna da hali biyu.
A cikin gida lallashi suke yi,
su ce wa kumburi ya sassauta murya.
Amma in bango ya fashe suka zubo waje,
sai su zama kururuwa,
fararen ƙwayoyin jini su taho a guje,
wurin ya ɗau ja, ya ɗau zafi.
Kumburin nan da ka tsana
taron masu kashe gobara ne.
Matsalar kawai, in sun ƙi watsewa.

Abin da ban faɗa masa ba:
sugan da ke jininsa shekara tara
ya sa masu ninkin nauyin tashi.
Na ga lambobin a takarda,
na ninke ta huɗu, na tura aljihu.
Mako uku, gyambon na kallona
kamar rijiyar da aka manta ba a rufe ba.
Na hana shi fura mai sukari, muka yi faɗa.
Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba,
amma yakan miƙo hannun in wanke.

A kwana na ashirin da shida,
bayan la'asar, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
na haska fitilar waya.
Ga wani siririn gefe, ruwan hoda,
yana rarrafowa daga baki zuwa tsakiya.
Can ƙasa wani daga cikinsu na riƙe da igiya uku
ana tufka sabon nama.
In ya yi ƙwauro, ba ta haɗuwa.
In ya zarce, tabo ya yi tudu.

"Ƙaiƙayi shikai," in ji Baba.
Kada ka sosa.
"To ki gaishe min da su,
ma'aikatan da ba su taɓa tambayata lada ba."

Yanzu tabon na sheƙi kamar gindin sabuwar tukunya.
Ya koma gaban wuta tun kafin in yarda,
da hannun riga a naɗe.