Tabo a Gaban Ragar Arewa

Ni ne mai jan farin layi a filin ƙwallon Paysandú.
Shekara goma sha ɗaya ina tura keken fenti
daga kusurwa zuwa kusurwa,
kuma mai kallon ƙasa kullum
yakan ga abin da ya wuce masu ɗaga kai.

Ximena Larrosa ta zo mana da sanyin Yuni,
da digiri biyu, da wani ƙarfe mai tsini
da take soka wa ƙasa, ya faɗa mata lamba.
Ta san gishirin da ke ruwan kogi,
ta san zurfin saiwa ba tare da ta tona ba.
Ta murza ganye ɗaya, ta ce, "Fumfuna na tafe. Kwana huɗu."
Muka yi dariya a bayan tarakta.
Kwana huɗu, sai ga ta.

Anselmo kuwa, tsohon shugabanmu,
ko sunan taki bai iya rubutawa daidai ba.
Aikinsa na fari da asuba, kafin inji ya yi tari,
shi ne zagaya ƙoƙon mate:
tsinke ɗaya, baki bakwai.
Ba shayin ne ya dame shi ba.
Hannu yake kallo:
wa ya karɓa yana rawa,
wa ya mayar bai ce uffan ba,
wa ya kwana da takalmi a ƙafa.

Ran Talata Nilo ya zuba taki ninki biyu
a gaban ragar arewa.
Ran Alhamis ciyawa ta ƙone,
tabo ja, tsawon gadon asibiti.
Wasa kuma ran Lahadi.

Ximena ta tara mu a tsakiyar da'ira,
ta buɗe takarda:
giram kaza aka ce, giram kaza aka zuba.
Babu ƙarya ko ɗaya a bakinta.
Gaskiya ce tsirara, ba ko zane.
Nilo ya tsaya kamar an dasa shi,
yana murza hula.

Anselmo ya yi gyaran murya.
"Ni na ba shi ma'aunin. Ido ya fara tsufa."
Ƙarya ce. Ina wurin.

Da yamma ina wanke buroshi
na jiyo su a bayan ɗakin kaya.
"Don me ka rufa masa?"
"'Yarsa na asibiti. Dare biyar yana kan kujera."
"Ai bai faɗa ba."
"Ya faɗa. Ran Litinin ya bar ƙoƙo ya wuce shi."
Shiru ya yi tsawo,
har na ji famfo na ɗiga.
"Amma ciyawar ta mutu," in ji ta.
"Ta mutu. Ke kika san yadda ake ta da ita.
Ni ban sani ba."

Daren Asabar, ƙarƙashin fitila ɗaya,
ta auna, ta zana, ta zaɓo sabuwar ciyawa daga bayan katanga.
Sai ta juya ƙotar wuƙa, ta miƙa wa Nilo.
"Hannunka ya fi na kowa miƙewa."
Ba ta ƙara komai ba.
Mu bakwai muka kai ƙarfe biyu a durƙushe,
ba wanda ya tambayi kuɗin ƙarin lokaci.

Ran Lahadi gola ya faɗi a kan wurin sau uku.
Mutum dubu shida, ba wanda ya ga ɗinki.

Ni ina ganinsa har yau
duk sanda na zo jan layin raga.
Anselmo ya sayi tabarau,
yana tambayarta ma'anar lambobi, yana mantawa.
Ita kuma tana karɓar ƙoƙo da asuba.
Har yanzu ɗacin na sa ta yamutsa fuska.
Amma jiya na kama ta:
ba ƙasa take kallo ba,
hannuna take kallo.