Ruwa Ya Haifi Wuta

A Maiwurno Goggo Dudu ta ƙi yarda.
"Sammani, shekara saba'in ina kashe wuta da ruwa,
yau ka ce shi ya haife ta?"

Goggo, zo Sinnar ki ga madatsa.
Mun tare kogi kamar bijimi a bakin shinge,
ya taru, ya yi nauyi, ya rasa mafita.
Sai mu buɗe masa ƙofa ƙuntatacciya,
ya afka wa fukafukan ƙarfe da fushi,
su juya sanda, sanda ta juya maganaɗisu
cikin naɗin jan ƙarfe,
kamar mazarinki ranar kaɗi.
Zaren da ya fito, shi ne wutar.

Ruwan kuwa ya wuce abinsa.
Jibi yana Madani ana wanki da shi.

In damina ta kawo shi ja daga Habasha,
da laka, da kututture, da mushen jaki,
kwana muke muna share masa maƙogwaro,
ku kuna zaginmu cikin duhu.

Ta taɓa ƙwan rumfarta, ta janye yatsa.
"Ashe kaɗi ne.
To, wa ke biyan kogin ladansa?"