Sallama da Tsatsa

Shekara talatin da ɗaya a Mejillones,
inda hamada ta sauko shan ruwa ta tarar da gishiri,
ni, Evaristo mai walda,
nake bin bututun teku da wuta a hannu.

Tashar lantarkin nan ba ta ƙoshi da ruwa.
Dare da rana tana zuƙo teku
don zuciyar injinanta ta huce,
ita kuwa teku ba ta zuwa hannu rabbana:
gishiri ne tsarabarta,
ya kwana cikin ƙarfe, ya wayi gari yana ci.

Tsatsa! Tun daga nesa nake gane warinta.
In toshe nan, ta ɓullo can,
in yi faci ran Talata, Juma'a ya zama rariya.
Na zage ta har bakina ya gaji,
amma ita ta biya kuɗin makarantar Amaro,
ita ta yi mana rufin kwano a gida.

Sai ga shi bana an sauke wasu dogaye,
launinsu kamar zuma a kwalba.
Zaren gilashi ne, wai, aka saƙa da ƙaro.
Mutum huɗu suka ɗaga abin da dā sai da ƙugiya.
Na ƙwanƙwasa da guduma,
bai amsa mini ba.

Nolfa Tapia ke haɗa bakinsu,
yarinyar da na girmi ubanta.
Ba tartsatsi, ba tabarau baƙi.
Tana naɗe gaɓa da farin ƙyalle kamar mai ɗori,
ta shafe da burushi, ta dubi agogo,
ƙaiƙayin zaren na cin wuyan hannunta.
Ta ce, “Don Evaristo, gishiri zai lasa ya lasa,
ba zai sami abin taunawa ba.”

Wata tara ke nan, ko ɗigo.
Kwanon da nake tarbar yoyo
karen maigadi ke shan ruwa a ciki.

An mai da ni sama, wajen tururi,
can inda zafi bai yarda da kowa ba sai ƙarfe.
Da yamma nakan bi ta bayan shinge,
inda aka jibge tsofaffin bututu,
in nemi ɗinkina a jikinsu,
in shafa.
Jan garin ya biyo ni gida a tafin hannu,
nakan jima kafin in wanke.