Ana Neman Ma'aikaci

Alhaji Barau ya ce, "Tanimu, rubuta mana sanarwa
kafin la'asar, a liƙa a ƙofa, a aika Samaru.
Mutum nake so mai bin sawun kuɗina."
Ya ɗau makullin mota, ya bar ni da farar takarda
da fanka mai juyi kamar wuyanta na ciwo.

Abincin kaji muke sayarwa, nan Palladan, bakin titi.
Iro mai kai kaya ya ce buhu ɗari ya fita.
Littafin Laraba akanta ya ce saba'in da uku.
Banki da aka tambaye shi, gum ya yi.
Tsakanin bakin Iro da alƙalamin Laraba
akwai wani rami,
can ribar shekara take kwana.

To, me zan kira mai gadin rami?
Na rubuta: Jami'in Kula da Shigar Kuɗi.
Na karanta da ƙarfi, na ji ƙanshin haraji,
na goge.

Na rubuta: digiri, da na gaba da shi in da hali.
Shekara biyar a bakin aiki,
amma kada ya haura ashirin da biyar a duniya.
Haka Alhaji ya faɗa, ban ƙara gishiri ba.
Ya iya kwamfuta, ya iya tuƙi, ya iya Turanci,
ya iya murmushi ga wanda ya ci bashi ya kashe waya.
Na dubi jerin: mutum huɗu ne a riga ɗaya,
albashin kuwa na rabin mutum.

Sai Malam Sambo ya faɗo mini a rai.
Shekara goma sha tara a kan bencin can,
aji huɗu ya yi, fensirinsa a bayan kunne.
Ya san matar Wusasa ba ta biya sai kajinta sun fara ƙwai.
Ya san malamin Kongo sai wata ya mutu.
Ya san na Dakace, in ya ce gobe, yau ake zuwa.
Ranar da muka kai shi makwancinsa
ramin ya buɗe baki.
Da wannan takardar aka liƙa a zamaninsa,
mai gadi ma ba zai bar shi ya wuce ƙofa ba.

Na juya bayan takardar, na sake ɗauko zance:

Ana neman wanda zai zauna
tsakanin mai sayarwa da mai lissafi
bai zama ɗan ɗakin kowa ba.
Wanda zai raka buhu tun daga sito
har ya zama kuɗi a asusu.
Wanda in lamba ta yi ƙarya zai ji warinta,
ya kuma iya faɗa wa Alhaji ido da ido.
Takarda in akwai, a zo da ita.
In babu, a zo a gwada.

Wurin albashi Alhaji ya ce a sa "za a sasanta".
Na daɗe ina tauna murfin biro.
Mai neman rijiya ya san zurfinta kafin ya saye guga.
Na rubuta adadin, baƙi ƙirin, da sifilinsa duka.

Ban ji shigowar Kyauta ba,
yarinyar da ke yanka rasit a bakin kanta.
Ta karanta ta saman kafaɗata, ta fita,
ta dawo da wani littafi mai bangon kwali,
mai ya taɓa gefensa.
Buhu ashirin da bakwai, layi bayan layi:
suna, unguwa, ranar da aka ɗauka.

"Tun yaushe?"
"Tun sadakar bakwai ta Baba Sambo."
"Me ya sa ba ki faɗa ba?"
"Wa ya tambaye ni?"

Ladanin masallacin tasha ya gyara murya.
Gam na hannun hagu, takarda na dama,
ga ƙarar motar Alhaji tana shan kwana.