Wanda Ke Gefen Hoto

Ranar Asabar, da la'asar sakaliya,
na rataya kyamarar Baffa a wuya,
igiyarta jar fatar akuya ce, gumi ya mai da ita baƙa.
Ɗan kabukabu ya sauke ni Kwalkwalawa,
ya ce in gai da kifi.

A aljihuna akwai hoto guda,
ya yi jaja-jaja kamar ruwan jiƙo:
ni ne, ina shekara shida, kan tudun yashi,
wando ya fi ni girma,
na runtse ido ɗaya saboda rana.
Tudun nan na zo nema.

Gulbin Rima bai san da zuwana ba.
Shekaranjiya, in ji masu wankin albasa,
yaro ma yana ratsa shi da kaya a kai.
Jiya aka saki ruwa daga Goronyo,
yau ga shi ya cika ya batse,
yana lasar ƙafar rake,
yana tafe da kainuwa kamar mai kai gara.

Na ɗauki gada da inuwarta.
Na ɗauki balbela uku kan bayan saniya,
kafin in danna, ɗaya ta tashi.
'Yan jami'a sun jeru a bakin gaɓa,
sun ba ruwa baya, sun miƙa waya sama,
kowa na gyara murmushinsa.
Wata tipa ta zo ɗibar yashi
ta tarar ruwa ya riga ta,
direban ya kashe inji, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta.

Can ƙarƙashin giyayya
wani dattijo na ɗinkin koma.
Arzika sunansa, gashin gira duk furfura.
Na ɗaga kyamara, ya ɗaga hannu:
"Mi kaka biɗa gare ni, ɗana?
Ɗauki ruwa, shi ad da kyau.
Sai dai wanda kad ɗauka ɗazu
yanzu shina Wamakko,
jibi Argungu za ya kwana."

Na ce tudu nake nema, na miƙa masa hoton.
Ya goge hannu a riga, sau biyu,
ya riƙe shi nesa da fuska.
Ni bai dube ni ba, yaron tsakiya.
Idonsa ya tafi can gefe,
inda almakashin mai wanki ya kusa yankewa:
rabin wani saurayi, ruwa iya ƙugu,
gora a kafaɗa, fuska a dushe.
Shekara talatin ina kallon hoton nan
ban taɓa ganin shi ba.

"Wanga Modi na," in ji shi.
"Yayana. Dubi yadda yaka karkata wuya.
Ya bi jirgi zuwa Yawuri wata kaka,
har yau muna sauraren sallama.
Inna ta rasu tana faɗin
ta mance kamannin hancinai."

Rana ta sauko daidai kan rake,
hasken da masu hoto ke jira wuni guda,
ruwa ya koma kamar an narka tagulla,
ga tsoho, ga koma a cinya, ga hannu na rawa.
Yatsana na kan maɓalli.
Na sauke shi.

Ya ce nawa zai biya.
Na ce Baffa ya karɓi kuɗin tun tuni.
Ya naɗe hoton cikin ledar goro,
ya cusa a hula, ya mai da hula kai.

Tudun kuwa, ya nuna min da haɓa:
can, inda ruwa ke ɗan murɗawa
kamar yana tuna wani abu.

Na hau gada ana kiran magariba,
sauro na rakiya, aljihu ba nauyi.
Hoto arba'in da ɗaya na kawo gida,
ruwa ne duk, da tsuntsaye,
da bayan mutanen da ban tambayi sunansu ba.
Daren nan na bi su ɗaya bayan ɗaya,
gefe-gefe nake duba.