Zakara a Tafin Takalmi

A León, unguwar majema,
inda warin fata ke riga rana tashi,
mahaifina, Anselmo Quiroz,
ya shekara arba'in yana ɗinka wa makiyaya takalma.
In ya gama sai ya sa ƙarfe a wuta,
ya manna wa tafin takalmin ɗan zakara
mai ƙafa ɗaya a sama.
Hayaƙi ya tashi, ya yi tari, ya ce, "Je ka."

Ni ke riƙe da littafin lissafi.
Na dawo daga karatu a Guadalajara da kalmomi fal baki:
launi, kwali, talla, rajista.
Na ce masa tambari hoto ne mai tsada,
a nema masa lauya.
Ya gyaɗa kai, leɓensa cike da ƙananan ƙusoshi.

Wata Talata wani ya shigo
daga garken shanu can bayan Silao,
Crispín, hula a hannu, rai a ɓace.
Ya dangwarar da takalmi bisa tebur.
Wata biyu kacal, ya wage baki kamar tarwaɗa.
Na juya shi. Ga zakara nan,
amma ƙafafunsa biyu duk a ƙasa.
Jabu. Gam aka shafa, allura ba ta bi ba.

Kafin in ce ba namu ba ne
Baba ya ce, "Zauna, a kawo maka kofi."
Ya farke shi, ya ja zare cikin kakin zuma,
ya ɗinke aikin ɓarawo har rana ta yi sanyi,
ko peso ɗaya bai karɓa ba.

Da dare na hau faɗa:
"Wani ya ci kuɗin, kai za ka biya?"
Ya ce, "Noemí, mutumin nan bai san gam ba, bai san zare ba.
Zakara ya gani,
ya kwance kuɗin maraƙinsa.
Da bakina aka yi masa alkawarin,
ko da ba na wurin."

Ban yarda ba. Har yau ban gama yarda ba.
Lauyan ma na ɗauka daga baya.

Amma Baba ya kwanta dama shekara shida ke nan,
kuma duk kaka 'ya'yan Crispín uku sukan zo,
ba sa taya farashi,
juya takalmi kawai suke yi, su ƙirga ƙafar zakara.

Jiya banki ya aiko takarda:
nawa ne darajar tambarinku?
Na daɗe da alƙalami a hannu.
Littafina shafi biyu gare shi,
abin da muka mallaka, da abin da ake bin mu,
kuma zakaran nan yana tsaye a tsakiya,
ƙafa ɗaya a kan bashi,
ɗayar a sama, bai ajiye ba tukuna.

Na tashi na sa ƙarfe a wuta.